Ni Ba Malama Ba Ce

A ajinmu na yamma ni ce mai baki. Wasu malamai da 'yan kasuwar Batsari ne suka haɗu suka buɗe ajin, saboda 'ya'yan mutanen da suka gudo daga ƙauyuka suka cika kangayen gari. Idan firamare ta tashi sai mu ari azuzuwanta, mu koya musu karatu da lissafi har su kamo tsaransu. Kullum ina ce musu, "Ku daina sunkuyar da kai kamar kun yi sata. Wanda ya riƙe biro ba ya tsoron kowa." Faɗar haka ba wuya in kana tsakiyar gari.

Akwai wata yarinya a benci na biyu, 'yar shekara goma sha biyu, daga wani ƙauye bayan Runka a ƙasar Safana. Ta zo mana ko sunanta ba ta iya rubutawa. Cikin shekara biyu ta zama ita nake miƙa wa alli in an kira ni waje. Muka sa ta cikin masu jarrabawar shiga makarantar kwana ta 'yan mata a Katsina. Katinta ya fito da hotonta, ta zare ido kamar an kama ta tana lasar miya.

Sai ruwa ya sauka. Manomi kuwa ko a bakin kura gonarsa take, in ƙasa ta jiƙa sai ya je. Ubanta ya kwashe iyalinsa ya koma ƙauye shuka, saura mako guda jarrabawa. Ƙauyen ba a samun waya sai an hau tudu, mun kira har mun gaji. A taron malamai kowa ya koma duban farcensa. Ni da bakina na ce zan je in ɗauko ta, kuma tun kafin in rufe bakin na yi nadama.

Hanyar tana da ƙa'idarta. Ba a binta da kamar ma'aikaci ko ɗan makaranta, don mutanen daji masu satar mutane sun fi son wanda suka san za a neme shi. Na cire agogo, na cire tabarau, ni da ba na gane fuskar mutum daga nesa sai da shi. Na ari tsohon zane wurin maƙwabciyata, na ɗauki kwanon daddawa. Katin jarrabawar, wanda na ce zan nuna wa uban don ya yarda, na naɗe shi a leda na tura ƙarƙashin daddawar.

A gona na same su. Uban ya jingine fartanya, muka gaisa, ya tambayi gida da yara da mutanen gari da gajiyar hanya, kafin ya ce, "Malama, ke da kanki? Mi ya yi zafi?"

Na nuna masa katin. Ya daɗe yana kallon hoton.

"Ɗiyar nan ita ke yi muna abinci in muna gona. Amma tunda kin tako, ki tafi da ita. Amana ce na ba ki."

"Ka kwantar da hankalinka, Baba," na ce. "Inda na sa ƙafa nan za ta sa. In ɗauka ce, sai dai a ɗauke mu tare."

Har yau in na tuna wannan cika bakin sai in ji kunya ta rufe ni.

Muka samu a-kori-kura mai buhunan wake da mata 'yan kasuwa. Kafin mu hau na ja ta gefe na ce, "Daga nan har gari ni ba malamarki ba ce. Ke wurin goggonki za ki, ni mai daddawa ce. Ko wa ya tambaye ki, ba ki san ni ba." Ta gyaɗa kai. Duk da haka da muka zauna kan buhu, sai na ji ta kama bakin zanena ta riƙe.

Muka kama hanya. Kowa idonsa na kan itatuwa, bakinsa na motsi. A wani mashigin rafi inda dole direba ya rage gudu, sai ga babura sun fito daga gefe sun tare hanya. Direba ya yi salati ya taka birki. Ni dai duhun mutane nake gani, fuska a naɗe, da tsinin bindigogi. Na cusa kai tsakanin gwiwoyina, addu'ar da na haddace tun ina yarinya ta ɓace mini fat.

"Wace ce malamar makaranta a cikinku?" in ji ɗaya daga cikinsu.

Na ji takunsa ya zagayo ta gefena.

"Baiwar Allah, ba ke ba ce?"

"Ni ba malama ba ce," na ce. "Daddawa nake sayarwa."

"To ina yarinyar da za a kai jarrabawa?"

A nan ne ta saki zanena. Na ji sakin a jikina.

"Ni ce," ta ce.

"Ke da wa?"

"Ni kaɗai ce."

Ya ce ta sauko, ta sauko. Ina jin ƙarar silifas ɗinta a kan yashi. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba: ban motsa ba. Ban yi tunanin ubanta ba, ban yi tunanin amana ba. 'Ya'yana biyu na tuna, da ƙofar ɗakina, na ce a raina Allah ya sa su tafi.

"Ubanki ya hau tudu ya kira mu," in ji mutumin. "Ya ce mu raka ku, an ga mutanen daji a gaba da safe. Ya ce ke da malamarki kuke. Tana ina?"

Sai direba ya gane muryar, ya ce ai 'yan sa-kan yankin ne. Motar ta cika da hamdala, wata tsohuwa har da dariya tana share hawaye. Yarinyar ba ta nuna ni ba. Tana tsaye tana kallon ƙasa, tana riƙe da abin da na gaya mata. Ni na miƙe da kaina, kwano a hannu.

Mutumin ya dube ni, ya dubi kwanon. "Ba komai, Malama," ya ce. "Haka hanyar nan ta mai da mu." Da ma zagina ya yi.

Ta ci jarrabawar, yanzu tana Katsina. Ni ina nan a ajin yamma, ina da bakina, amma maganar biro da tsoro ban sake yin ta ba.

Ba ta taɓa tayar da zancen ba, ko ga ubanta. Abu ɗaya kawai ta ce, shi ma ranar jarrabawar ne. Na raka ta ƙofar makarantar da za su rubuta, da tabarauna da agogona. Mai duba kati ya karɓi nata, ya yatsine fuska don warin daddawa bai fita ba, ya tambaye ta wa ya kawo ta. Ta juyo ta dube ni, ta rage murya.

"Malama, yanzu in faɗa?"