Tuƙar Gahawar Vieno

Duk wanda ya san Vieno Karppinen a ƙauyensu na bakin tafki, can gefen garin Kuhmo a ƙasar Finland, ya san ba ta zubar da tuƙar gahawa. Tun tana budurwa, lokacin da take dafa wa masu saran katako abinci a daji, ta gane cewa abin da ya kwanta a gindin buta bai gama aikinsa ba. Da shi take goge ƙarnin kifi a hannu. Takan shanya shi a kan murhu, ta ɗura a tsohuwar safa, ta cusa cikin takalma. Akwai ɗan faranti a firij saboda wari, akwai gwangwani a bakin ƙofa wanda take barbaɗawa a matakala idan ƙanƙara ta yi santsi. Mijinta Uuno yakan tsokane ta, "Ke dai in na mutu ki barbaɗa min, ko Allah zai sa in tsiro." Da ya rasu kuwa, furannin kabarinsa sun sha rabonsu.

Hankalinta ya fara tashi ne da abin da ya sami maƙwabcinta Eino. 'Ya'yansa suka zo suka tarar da silifas ɗinsa a firij, shi ke nan, kafin ganye ya gama zuba an kai shi gidan tsofaffi a gari, an garƙame gidansa. Sai ga ɗanta Tapani a waya, da saƙon 'yar'uwarsa.

"Mama, Marketta za ta zo dubiya ranar Asabar."

"Dubiya? Wa ya ce maka ciwo nake?"

"Haba Mama, leƙo ki dai za ta yi."

Ta ajiye wayar. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa. Ta bi gidan tana kallonsa da idon baƙo. Tsohuwa mai shekara tamanin da ɗoriya, ga baƙin gari a firij, ga shi a safa, ga shi a watse a ƙofa. Wanda silifas kaɗai ya kai shi, ina ga ita? A gidan nan ta haifi yaran biyu, kuma ta fi tsoron barinsa a kan mutuwa.

Ta tashi haiƙan. Ta zazzage safa, ta wanke farantin, ta share matakala tas, ta kwashe komai ta kai bayan sauna, ɗakin wankan tururi, ta binne a dusar ƙanƙara. Har sabulun nan mai ƙamshin lemo da aka ba ta tun bara ta ɓare.

Ranar Asabar 'yarta Marketta ta iso, ta cire takalma, ta tsaya tana shaƙar iska.

"Bari in ɗora buta," in ji Vieno.

"Kar ki wahalar da kanki, Mama."

"Zauna, don Allah. Ke baƙuwa ce da sai na roƙe ki sau uku?"

Suka sha da burodin kirfa. Vieno ta lissafo sunayen jikoki ba tare da an tambaye ta ba, ta faɗi kwanan wata, har ta ƙara da hasashen yanayi. Marketta ta buɗe firij ɗauko madara, ta daɗe a tsaye. Da suka gama, Vieno ta ɗauki butar, ta tabbatar ana kallonta, ta juye tuƙar a kwandon shara. Ji ta yi kamar abinci ta zubar.

Marketta ta ce za ta ɗan fita. Bangon gidan katako ne, kunnen tsohuwar kuwa garau yake.

"Tapani, ka fi ni gaskiya," ta ji 'yarta tana faɗa a waya a baranda. "Kullum ce maka nake, muddin Mama na shanya tuƙarta, lafiyarta lau. To babu ko ƙwaya a gidan. Matakala santsi, saura ƙiris in faɗi. A gabana ta juye ta a shara kamar ba ta taɓa sanin amfaninta ba. Ka kira mutanen gidan tsofaffin nan ranar Litinin."

Vieno ta dafa tebur. An gudu daga gara an faɗa gidan zago. Ta ce me? Ta ce ta binne ta a bayan sauna? Wace tsohuwa mai cikakken hankali ce ke binne tuƙar gahawa a dusar ƙanƙara?

Dabara ɗaya ce ta faɗo mata, kuma ba ta tsaya auna ta ba. Ta fizgo farantin, ta durƙusa gaban kwandon da ƙyar, ta ture ɓawon ƙwai da ƙayar kifi, ta shiga damƙo jiƙaƙƙiyar tuƙar tana zubawa, tana sauri kafin a shigo. Ƙofar ta buɗe. Marketta ta tsaya da waya a hannu, tana kallon uwarta a durƙushe, hannu dumu-dumu a cikin shara.

"Mama," ta ce a hankali, "tashi mu wanke hannu."