Baba Ya Ce Mu Ɗaga Ƙafa Tare

Assalamu alaikum. Na daɗe ban leƙo nan ba, kuma na ga saƙonninku. Ku yafe mini. Jinya na yi.

Abin ya fara ne ina aji ina koyarwa. Takalmina na hagu ya fice daga ƙafata, ban ji ba, sai da ɗalibai suka nuna mini. Daga baya idona ɗaya ya fara gani dishi-dishi.

An ce maleriya ce, an ce taifot. Wasu suka ce jifa aka yi mini. Sai da aka sa ni cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa, aka kuma ɗebi ruwa a bayana da allura, sannan likita ya kira sunan ciwon: MS. Ya ce garkuwar jikina ce ke cin rigar da ke lulluɓe da jijiyoyina.

"Ba ya warkewa ɗungurungum," in ji shi, "amma ana rayuwa da shi."

Na ji tsoro ƙwarai. Ga magani da tsada, har filina na sayar.

Mijina a Abuja yake aiki, don haka na koma gidanmu a Kinkinau. Ina kwance kullum, sai rama. Cinyata ta koma kamar damtse. Buta ma da hannu biyu nake ɗauka.

Da aka sa ni a wani magani, sai jikina ya ciko. Masu dubiya suka riƙa cewa, "Masha Allah, kin yi ƙiba, kin warke!" Ni kuwa ko daga kujera ba na iya tashi.

Likitar gashin ƙashi ta matsa cinyata ta ce, "Malama, wannan kitse ne. Tsokarki muke nema, ita kuma sai da motsi take dawowa."

Ta koya mini atisaye. Na gwada, na faɗi, na ce na haƙura.

A nan Baba ya shigo. Mahaifina tsoho ne, ga ciwon gwiwa, sallah ma a kujera yake yi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana Uwata. Wata safiya ya jawo kujerarsa gefen tawa, ya naɗe ƙafar wando.

"Uwata, nuna mini yadda ake yi."

"Baba, gwiwarka fa?"

"Gwiwar tawa ce. Ɗaga taki, in ɗaga tawa."

Ya ɗaga yana cije leɓe, zufa na keto masa. Kunya ta kama ni, na ɗaga.

Tun daga ranar bai taɓa fashi ba. Mutumin da ko shayi bai taɓa dafawa ba, shi ke shiga Babbar Kasuwa ya zaɓo mini kifi da wake, ya tsaya a kaina sai na cinye. Ranar da jikina ya ƙi, ba ya yi mini faɗa. Sai ya zauna ya yi nasa shi kaɗai, inda zan gan shi.

Da kaɗan-kaɗan na fara miƙewa ba a riƙe ni ba.

Ranar da na yi la'asar a tsaye, ruku'u da sujada duka, ina sallamewa na gan shi a bakin ƙofa. Ya cire hula ya rufe fuskarsa da ita.

Yanzu na koma aji. Ciwon yana nan, ina shan magani, rana mai zafi tana kayar da ni. Amma ƙafata tana ɗaukata. Alhamdulillahi.

In ka ji wani sashe na jikinka ya mutu, ko gani ya canza, ka nemi likitan jijiyoyi da wuri. Kada nauyin sikeli ya ruɗe ka, ka duba ƙarfinka. Ka ci abin gina jiki, ka motsa ko a zaune kake, yadda likita ya nuna.

Na gode wa mijina, da likitoci, da ku. Baba kuwa ku taya ni yi masa addu'a. Da na ce masa zan koma ɗakina, cewa ya yi, "To, Allah ya kiyaye. Amma ki riƙa bugo waya da safe. Ni ba a sallame ni ba tukuna."