Hayaƙin Tauraro da Idon Baba

Babanmu mai gyaran keken ɗinki ne, amma in kana son ganin haƙoransa, yi masa zancen taurari. A kan rufin ɗakinmu ya kafa madubin hangen nesa, ya ɗaura masa kyamara. Abin da ya fi ɗauka wani ɗan dunƙulen hayaƙi ne kore-kore mai ɗigon haske a tsakiya, wai tsohon tauraro ne ke tuɓe rigarsa. Hotunan sun cika shago, har masu kawo gyara suna zaton tallan maɓalli ne.

Duk shekarun nan a hoto kaɗai ya san abin, saboda yanar ido. Da aka yi masa aiki ya warke, sai ya cire kyamarar, ya ce yau ido da ido za su haɗu.

Ya sauko daga rufin jiki a sanyaye. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa ya koma eh da a'a, abinci ma sai ya juya cokali ya tashi. Ranar da haƙurina ya ƙare na tsare shi a shago.

"Baba, wai me aka yi maka?"

"Idon ne zai tafi," in ji shi. "In na kalli abin kai tsaye sai hayaƙin ya ɓace, ɗigon kawai ya rage. In na kau da ido gefe ya dawo. Tsakiyar idona ta mutu."

Da idon nan fa yake zura zare a allura. Ga kuma haushin ɓoye mana da ya yi.

Bayan isha na ja shi muka hau rufin, na leƙa madubin da kaina. Na ƙura ido, hayaƙi ya ɓace. Na kalli gefe, ga shi.

"Baba, ni ma ya guje mini!"

"Kar ki lallashe ni, yarinya."

"Yaushe na iya lallashi?"

Umma, da ciwon gwiwarta, ta hau tsani tana mita. Ta leƙa, ta daɗe, ta ɗago.

"Kai Malam! Kunya ce da shi kamar sabon suruki, ka dube shi ya ɓuya. A kan wannan ka bar mini abinci yana lalacewa?"

Ashe idon kowa haka yake: haske mai rauni, gefen ido ya fi kama shi.

Baba ya zauna daɓas a kan rufin, yana dariya hawaye na zuba.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "To ku matsa mini, ai ban gama kallonsa ba."