Babu sunan Yaya Binta a takardar

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina cikin bas daga Fallowfield ƙanenta ya kira ni. Yaya Binta ta rasu a Birmingham.

Ita ta koya mini aiki da na zo Manchester yin digiri na uku a fannin physics. Ranar farko na ce mata ban gane top quark ba. Ta ce, "Ƙwaya ce mai nauyi, da ta fito sai ta fashe gida uku. In gudunta ya yi yawa, ukun su dunƙule, na'ura ta ɗauka abu ɗaya ne. Kin taɓa ganin mata uku a lema ɗaya cikin ruwan garin nan? Ƙafafu za ki ƙirga, ƙanwata."

Shekara huɗu tana koya wa kwamfuta ƙirga ƙafafun nan.

Dambun nama take ajiye mini a tebur, wai lissafi ba ya shiga da yunwa.

Sai ciwo ya zo. Kwantiraginta ya ƙare tana asibiti, ba a sabunta ba. A babban gwajin kimiyyar da muke ciki kuma, in ka shekara da barin aiki, cire ka ake yi daga jerin marubuta. Takardar binciken da aka gina kan aikinta za ta fito da dubban sunaye, har da waɗanda ba su taɓa buɗe aikin ba. Babu nata.

Ƙa'idar ta yarda a nema wa mutum alfarma. Layi biyu shugaban sashenmu zai rubuta. Sau uku ina tuna masa.

Yau kafin azahar ya turo ta'aziyya shafi guda. Wai ita ce ginshiƙinmu. Ashe ya iya rubutu.

Sati biyu da suka wuce na je duba ta a unguwar Lozells, can Birmingham. Ta rame, amma laptop na kan cinyarta.

"Kin gyara zane na uku? Ma'aunin ba daidai yake ba."

Na ce, "Yaya, sun cire ki fa."

"Su cire. Ke dai gyara, kar mu ji kunya."

Na gyara, Yaya.

Ranar Juma'a ake rufe jerin. Na rubuta wa masu kula da shi ɗazu: ko a sa Binta, ko a cire ni. Takardata ta farko ce, da ita zan nemi aiki. Na sani.

Allah ya jiƙanki, ya sa jinyar ta zama kaffara, ya haskaka kabarinki.

Wanda ya karanta, don Allah ya sa ta a addu'a. Kuma ku ambaci sunanta. Binta.