Idon Baba a Cikin Ayari

Ladan bai gama saukowa daga hasumiyar masallaci ba muka tayar da raƙuma, muka fuskanci kudu. Ku abokan karatuna da kuka ishe ni da tambaya tun dawowata, ga labarin daga tushe, don masu ƙara masa gishiri a bakin kasuwa su huta.

Kun san Baba baduku ne, kuma babu abin da yake so a duniya kamar ya ga ɗansa ya zama malami. Shi ya haɗa ni da ayarin Kano, in je in gaishe da wani malami a unguwar Agadasawa, ya ji karatuna, in ya yarda da ni in koma wajensa baɗi in zauna. A bakin gari ya riƙe akalar raƙumina ya ce, "Ka ji ni da kyau. Ina da ido a cikin ayarin nan. In na ji ka taka gidan kiɗa, kai da Kano har abada. Ka dawo ka zauna kan fata tare da ni." Bai ce wane ne idon ba, ni kuma ban isa in tambaya ba.

Tun kafin garin Agadas ya ɓace mana na fara duban mutane ɗaya-ɗaya. Madugu dattijo ne, amawalinsa har gindin ido, maganarsa ba ta wuce "tashi" da "sauka". Akwai wani tsoho mai dabino da tari ya hana shi barci, ko yaushe na juya sai in ga idonsa a kaina, ya ce, "Ɗan malam, lafiya dai?" Na ce a raina, kai ne. Sai kuma wani dillalin raƙuma mai wushirya, surukin madugu mai auren 'yarsa, mutum mai dariya kamar an biya shi. Shi kam na cire shi daga zargi tun ranar farko, domin na ga yadda yake sallar la'asar, kafin ka ce amin ya sallame.

Hanya ba ta da labari mai daɗi. Muka sauka gangaren Tigidit, muka sha ruwan Adarbisanat, wanda ya fi kama da jiƙon tsohuwar salka, amma babu mai yi masa tsiya sai bayan ya ƙoshi. Abinci fura ce da cuku da dabino a daka, safe da yamma, har na fara mafarkin miya. Da muka shiga ciyawa sai ƙarangiya ta karɓe mu, ta shiga wando, ta shiga bargo, ta shiga inda ba na faɗa. Abin da ya fi damuna shi ne mutanen bakin rijiya. Da can in ayari ya sauka gaisuwa ake yi har a gaji. Bana kafin a amsa sallama sai an tambaye ka ko ka gamu da Nasara, da kuma ko ɗan wane gida ne kai. In ka amsa, mutum ya ce to, ya ja gugarsa ya koma gefe.

A Damargu hatsi ya yi wuya. Kantun gishirin da a bara zai cika maka buhu, bana da kyar ya kai rabi, manoma suna cewa mutanen bariki sun riga mu zuwa rumbu. Ko gaskiya ne, ko sun ɓoye ne a rami, oho. Kowa yana magana yana waige.

Muka isa Damagaram muka sauka a Zango, unguwar fatake. Daga masaukinmu ana hango barikin Faransi a kan duwatsu, da sojojinsu baƙaƙe masu jar hula, mutanen wata ƙasa ta yamma da ba sa jin Hausa sai "kawo". Ranar da muka sauka, bayan lisha, ina zaune ina cire ƙarangiya daga ƙafa, sai iska ta kawo mini sautin goge. Ni da na tashi a zauren karatu, sai na manta da ƙarangiyar, na kasa kunne. Mai wushirya ya tsuguna kusa da ni ya ce, "Ƙane, kunnenka ya riga ka tafiya. In ka ga na fita, ka jinkirta kaɗan, ka same ni gindin tsamiyar can."

Na tafi, kuma ba zan ce an ja ni ba. Gidan wata magajiya ne mai faɗin tsakar gida, an shimfiɗa tabarmi, fitilun mai suna ci a kan katanga. Fatake ne cike, Barebari da Buzaye da Kanawa, kowa da goro a baki. Mai tsire yana bakin ƙofa, hayaƙinsa yana shiga ido. Mai gogen makaho ne, in ya ja tsirkiya sai ka ji tsikar jikinka ta tashi, sannan wata mace doguwa ta ɗauki waƙa, tana kiran garuruwa ɗaya bayan ɗaya. Da ta ambaci Agadas hawaye suka zubo mini, mai wushirya ya yi ta dariya har ya ƙware. Ban sha komai ba, ban taɓa kowa ba, amma daɗin da na ji a wurin nan ban taɓa jin irinsa ba. Da safe tsoho mai dabino ya tambaye ni inda na je, na ce akwai wani malami a Birni, unguwar cikin ganuwa, da nake ɗaukar karatun dare a wajensa. Ya ce, "Allah ya ba da sa'a," ya yi tari.

Kano kuwa ba ta faɗuwa a zama ɗaya. Kasuwarta kaɗai ta haɗiye garinmu, ga marina, ga ɗakunan littattafai da na tsaya ina shafawa kamar baƙauye. Nasaransu dabam ne da namu, amma tsoron iri ɗaya ne. Malamin ya ji karatuna, ya gyara mini wurare, ya ce in dawo baɗi da izinin mahaifina. Na ci tuwo da miyar kuka har na manta da cuku. A can ban taka ko'ina ba, kuma kada ku yabe ni, maigidan masaukin ne yake sa sakata tun magariba.

Da muka juyo mun daɗe a Damagaram, ana haɗa kayan hatsi da tufafi. Ni kuwa kullum bayan lisha ina gindin tsamiya. Amma yanzu da Kano ta zama tawa, tsoron rasa ta ya ninka. Na shiga bincike don in gano idon Baba kafin mu isa gida, ko in roƙe shi, ko in san yadda zan ƙaryata shi. In na ga biyu suna raɗa sai in matso. In wani ya dawo daga gari in tambaye shi wa ya gani, me suka ce. Na tambayi masu jan akala ko madugu ya aika wani gida gabanmu, da wace hanya za mu bi, da ranar da za mu isa. A ganina wayo nake yi.

A kwanakin nan labari ya iso cewa Faransi sun zauna a Agadas daram, suna kama raƙuman fatake don kai musu kaya gabas, kuma raƙumin da ya tafi ba ya dawowa sai ƙashi da fata. Madugu ya tara manya a ɗaki suka yi shawara. Za a bar hanya kafin a isa gari, a ɓoye raƙuma masu ƙarfi a wani kori, wato kwari mai itatuwa, wajen makiyaya, a shiga gari da guragu da tsofaffi. Ni ba a kira ni ba, amma na ji, domin ina maƙale a jikin zana ina sauraron ko za a ambaci sunana. Tsoho mai dabino ya fito zubar da majina ya same ni a nan. Ya dube ni, ya koma ciki.

Daga ranar abubuwa suka sake. In na zo wurin cin abinci sai hira ta mutu. Wanda muke shan ƙwarya ɗaya da shi ya ce cikinsa ba daɗi. Aka mai da raƙumina tsakiyar layi, inda ake ganina gaba da baya. Ni a wautata na ɗauka maganar gidan magajiya ce ta fasu, na ƙara tsanar tsohon nan. Mai wushirya kaɗai yake yi mini magana, shi ma ya ce, "Ƙane, ka rage tambaya. Zamanin nan mai tambaya ba ya kwana lafiya."

Muka isa korin da hantsi. Ba mu gama sauke kaya ba mahaya suka fito daga cikin itatuwa, gumiye, wato 'yan ƙasa masu yi wa Faransi aiki a kan raƙuma, da Nasara ɗaya a bayansu. Jiranmu suke yi, har tokar wutarsu ta yi sanyi. Suka zaɓe raƙuma kamar masu zaɓen dabino a faifai, suka kora. Na ga madugu, mutumin da ban taɓa ganin bakinsa ba, amawalinsa ya zame bai ko gyara ba. Da ƙurarsu ta lafa babu wanda ya yi kuka, babu wanda ya yi zagi. Duk suka juyo suna kallona. A nan na gane irin ramin da na haƙa wa kaina.

Haka muka shiga gari, rabin kayanmu a ƙasa can baya. Washegari madugu ya zo zauren Baba da manyan ayari, unguwa ta cika ƙofa. Ya ce, "Maigida, mun daɗe tare da kai, shi ya sa na zo nan ban tare shi a hanya ba. Ɗanka ya yi ta bin diddigin ayari da tambaya. An same shi yana sauraron shawararmu. Kullum dare a Damagaram yana ɓacewa, ya ce karatu yake zuwa Birni. Na aika aka zagaya malaman Birni, babu wanda ya san shi. To, ya faɗa mana ƙofar da yake shiga, in ba ta bariki ba ce."

Baba ya dube ni ya ce, "Ka ji." In na faɗi gaskiya na rasa Kano, kuma wa zai yarda da wanda aka riga aka kama da ƙarya? In na yi shiru na zama ɗan rahoton Nasara, ba mai sayen jakar Baba, ba mai ba ni 'ya, kuma wata rana a tsinci gawata a bayan gari. Shaidata guda ce, mai wushirya, shi kuwa yana zaune kusa da surukinsa, kansa a ƙasa. Wane mahaukaci zai ce a gaban uban matarsa kullum yana gidan magajiya?

Sai ya ɗago. Babu dariya a fuskarsa. Ya ce, "Baba madugu, ka gafarce ni. Yaron nan bai san ƙofar bariki ba. Duk daren da ya fita, da ni ya fita. Gidan goge muke zuwa a Zango, ya zauna gefen hagun makaho, ni ina bayansa, mu dawo tare. A kawo Alƙur'ani in dafa." Madugu ya ce, "Kai kuma me ya kai ka?" Ya ce, "Halina ya kai ni, ba zan ɓoye ba. Amma kuma maigidan nan ne ya ce kada in bar ɗansa ya fita daga idona."

Tsoho mai dabino ya yi tari. Aka kawo Alƙur'ani ya dafa. Madugu ya tashi ya ba Baba hannu, ya fita bai dubi surukinsa ba, kuma na ji har yau matar tana gidan ubanta.

Da aka watse na kasa haƙuri, na ce, "Baba, duk mutanen ayari ka rasa wanda za ka sa sai shi?" Yana yankan fata bai ɗago ba, ya ce, "Na san ɗana. Da mutumin kirki na sa, da ya yi lisha ya kwanta, yau wa zai tsaya maka?" Sannan ya turo mini wuƙa da ƙafa ya ce, "Maganata ta bakin gari tana nan."

To, kun ji dalilin da ya sa ba ku gan ni a zauren karatu ba, kuma in kun ji warin jima a jikina ku yi haƙuri. Kano ta wuce ni, abin yana ci mini rai, ba na ɓoyewa. Na tafi ina tsoron a san inda nake kwana, na dawo ina godiya da aka sani. Na kuma koyi cewa a wannan zamani in ka cika duban mutane, su ma kai suke duba. Ni dai an wanke ni, amma raƙuma ba su dawo ba, kuma wani ne ya faɗa wa Nasara sunan korin nan. Ko wane ne shi, ya sha fura tare da mu a hanya, ya zauna a zauren Baba yana jin ana tuhumata. Ranar Juma'a muna sahu ɗaya da shi, kafaɗa da kafaɗa, ban san ko ta dama ce ko ta hagu ba.