Tsohon da Ya Kawo Takalmin Aji

A makarantar 'yata a Winnipeg, aji ɗaya Faransanci kaɗai ake yi. Ga wani tsoho tsaye a ƙofar ajin, dusar ƙanƙara na narkewa a kafaɗarsa, riƙe da takalmin sakawa a cikin aji da jikarsa ta manta. Yara suna rera kwanakin mako, leɓensa na bin su a sace. Hannu ɗaya na ɓoye a bayansa, kamar wanda ya sha bulala a hannu yana yaro saboda yin wannan harshen.

Malamar ta gaishe shi da Faransanci. Ya waiga a tsorace.

Jikar, Odile, ta ce, “Haba Kaka, amsa mana! A nan mai Turanci ake wa faɗa.”

Ya sauke ajiyar zuciya, ya amsa da ƙarfi. Sai yanzu hannun ya fito.