Rahoton Mutuwar Muttaka

A wani ofishin 'yan sanda a Doha, wani dogon Bahaushe mai kakin gadi yana tsaye, rungume da takalman ƙanensa Muttaka a leda, ni kuma ina bayansa a layi. Rahoton haɗarin da ya kashe Muttaka a garin Lusail yake nema.

Tafinta ya ce, "Malam, sirrin mamaci ne, dangi kaɗai ake ba. Sunan mahaifinku ya bambanta a fasfo."

"Kawunmu ne ya riƙe shi, ya sa masa sunansa a makaranta. Wallahi nono ɗaya muka sha."

"Yi haƙuri, doka ce."

Wayarsa tana ta ƙara, ya kasa ɗauka. Ina jin mahaifiyarsu ce, tana son ta ji ko autanta ya sha wahala kafin ya cika.